Kawu da Allunan da Suka Fita a Sassauce

Da sunan Allah nake farawa, Wanda rai da mutuwa suke a hannunSa, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa. Na ɗauki alƙalami ne domin Kawu, autan ɗakin su mahaifiyata, wanda Allah Ya karɓi ransa a tsakiyar shekara ta biyu ta annobar korona, lokacin da aka sake kulle Kuala Lumpur. Ina tsoron kada a manta da shi kamar yadda aka binne shi, cikin gaggawa, babu taro.

Ba a yi zaman makoki ba, domin hukuma ta hana, ga shi kowa yana tsoron numfashin ɗan'uwansa. Ta waya aka yi ta'aziyya. Wani ɗalibi ɗan Gombe ya kira ni, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Malam, da gaske ne? Ni fa akwatunana suna wurinsa." Sai kunyar abin da ya faɗa ta kama shi, ya fashe da kuka, na rasa ko ni zan lallashe shi ko shi zai lallashe ni. Basinen da ke sayar da tayoyin babur kusa da shagon Kawu a Setapak ya ajiye ledar lemo a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya koma. Mai shagon mamak na kusurwa, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, ya aiko da shayi irin wanda Kawu ke sha, mai kauri babu sukari, duk da ya san mai shansa ya tafi.

Matar Kawu kuwa, wadda muke kira Hajiya, ba ta yi kuka a waya ba. Duk wanda ya kira, idan ya gama addu'a ta amsa da amin, sai ta ce, "An samu Baturen?" Masu ta'aziyya suka riƙa tambayata ko hankalinta ya taɓu. Bai taɓu ba. Akwai wata yarinya a can wata ƙasa, wadda Hajiya take tsoron ta jefa rayuwarta cikin haɗari da hannunta, kuma Kawu ya bar duniya da wannan tsoron a zuciyarsa. Ba za a fahimci haka ba sai an san sana'arsa.

Kawu ɗan dukawa ne, a kan fata da allura ya tashi. Ya zo wannan gari ne a matsayin mai haɗa wa ɗalibai kaya yana aika musu gida, yana gyaran jakunkuna a gefe. Wata rana wani dattijo ɗan Koriya ya kawo masa wata doguwar jaka da ta yage. A cikinta akwai allunan zamiya, irin dogayen allunan nan guda biyu da mutanen ƙasashen sanyi ke ɗaurawa a ƙafa su gangaro daga kan dutse bisa dusar ƙanƙara. Ɗinkin ya burge dattijon, ya ja Kawu a jiki, ya koya masa gyaran allunan da kansu. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa kayan aikin da masu kawo aikin. A wannan gari mai zafi akwai mawadata da baƙi da ke tashi takanas zuwa ƙasashen ƙanƙara sau ɗaya a shekara, idan sun dawo kuma laimar garin ta cinye musu kaya. Kawu ne mai ajiye musu. Shi kansa har ya koma ga Allah bai taɓa taka ƙanƙara ba, sai wadda ake sa wa a lemo.

Na sha zama a kan benci ina kallonsa. Idan aka kawo kaya ajiya, yakan fara da takalma. Ya zaro cikinsu ya shanya a gaban fanka, ya ɗaure maɓallansu sako-sako domin kada bakinsu ya baje. Sannan ya ɗora allo a kan teburi, ya goge shi, ya bi ƙarfen gefensa da magagari a hankali har duk ɗigon tsatsa ya fita. Sai ya ɗauko dutsen guga ya narkar da kaki yana ɗigawa, ya shafe ƙasan allon da kauri har ya rufe ƙarfen, ya bar shi haka ba ya kankarewa, domin kakin ne rigar da ke hana laima shiga. Aiki na ƙarshe shi ne maƙalar takalmi, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafa a kan allo. A cikinta akwai sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai matsewa, ana ƙara masa ƙarfi ko a rage da sukundireba gwargwadon nauyin mai hawa. Kawu yakan warware shi gaba ɗaya, ya ce, "Shi ma ya huta. Wanda ya kwana a ɗaure wata da watanni, ranar aiki ba ya da ƙarfi."

Idan lokacin tafiya ya zo, sai ya juya aikin. Ya kankare kakin, ya sa mai kaya ya hau sikeli ko da minista ne, ya ɗaure sifirin daidai nauyinsa, ya sa takalmin ya murɗa ya ga ya riƙe inda ya kamata ya riƙe, ya saki inda ya kamata ya saki. Sannan ya haɗa allunan ya naɗe bakinsu da tsofaffin tawul, ya jera sandunan dogarawa a gefe, ya zuge jakar, ya buga mata tafi ɗaya ya ce, "Boleh!" wato "ya yi" da yaren Malay. Ya taɓa gaya mini cewa idan sifirin ya yi sako-sako, allon zai rabu da ƙafar mutum yana tsakiyar gudu a kan gangara, abin da zai tare shi kuwa sai itace ko dutse. Shi ya sa babu jakar da ke fita daga shagonsa sai ta bi ta hannunsa, masu kaya kuma suka saba, ba sa dubawa.

Mun taɓa yin saɓani a kan wannan sana'a, ba kuma zan ɓoye ba. Shekaru kaɗan ya ba ni, tare muka yi wasan ƙasa, amma kawu kawu ne. Farkon zuwana garin, lokacin da ɗana da ke karatu mai zurfi a Jalan Semarak ya ɗauko ni, na ce masa, "Kawu, mutum mai furfura kamarka ya ƙare rayuwarsa yana yi wa wasan masu kuɗi hidima? Wannan ai lagawu ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Alaramma, a cikin littattafanka an haramta zamiya?"

Na ce, "Ba a haramta ba, amma ba a yaba ba."

Ya ce, "To kai da kake zamewa a gangaren kududdufi da tsohon faranti har wandonka ya yage, yayata ta zane ka, wa ya yaba maka?"

Ɗaliban da ke wurin suka kwashe da dariya. Na yi fushi, na ɗauke ƙafa daga shagon har Juma'a ta zagayo. Da muka haɗu a masallaci ya riƙe mini hannu ya ce, "An yi tuwo, ko shi ma lagawu ne?" Ban janye maganata ba, shi ma bai janye tasa ba, muka ci gaba da cin tuwo tare a kan haka.

Da annoba ta sauka aka rufe iyakoki, jakunkuna suka taru a shagon har rufi, babu mai tafiya. Ɗalibai da yawa suka gudu gida a jiragen kwaso mutane, suka jibge masa akwatuna, bai karɓi ko sisi ba. Waɗanda suka maƙale, iyayensu sun kasa aiko musu, yakan sa Hajiya ta dafa shinkafa a ƙulla musu tapau, wato ƙunshin abinci, ya rataya a ƙofar ƙarfe ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Zo ka ɗauki kayanka da ka manta." Bai taɓa kiransa sadaka ba. Kullum da safe kuma yakan sauko daga bene ya kunna fanka, ya buɗe jakunkunan su sha iska, ya duba ko fumfuna ta kama takalma. Na ce masa ta waya ya zauna a ɗaki. Ya ce, "Cutar ba ta san hanyar bene ba ne? Kayan mutane ne, Alaramma."

Ni kuwa tsoro ya riga ya cika ni. Ina da ciwon sukari, ga shekaru. Na karantar da babin haƙuri da ƙaddara ga ɗalibai ba adadi, amma idan jiniyar motar asibiti ta ratsa titinmu, sai in tashi in rufe taga. Ko ledar cefane aka kawo sai ɗana ya feshe ta kafin in taɓa. A cikin wannan hali labari ya zo cewa Kawu yana zazzaɓi, bayan kwanaki kaɗan numfashi ya gagare shi, aka zo aka ɗauke shi. Aka ɗaura wa Hajiya da 'yarsu zoben killacewa a wuyan hannu, aka ce kada su fita.

A nan Hajiya ta yi abin da kowace 'yar gidan mutunci za ta yi. A wurinmu idan ciwon mutum ya tsananta, akan gaggauta mayar wa kowa ajiyarsa, domin kada ya gamu da Ubangijinsa da kayan wani a wuyansa. Haka ta ga an yi wa mahaifinta, haka aka yi wa kakanta. Ta sa 'yarta, wadda a nan aka haife ta, take kuma aiki a wani otal a Bukit Bintang, ta riƙa kiran masu kaya. Suka riƙa jawo jakunkuna suna ajiyewa a bakin ƙofa, masu kaya suna aiko da direbobi suna ɗauka, babu wanda ya ga fuskar wani. Mafi yawansu suna nan cikin gari, ba su da inda za su. Amma akwai wani Bature malamin makaranta da aikinsa ya ƙare, zai koma ƙasarsu can kudancin duniya, inda sanyinsu ke zuwa a tsakiyar shekara. Ya aiko aka ɗauki ƙananan allunan 'yarsa, yarinyar da Kawu ke ajiye wa alewa a aljihun teburi, ya yi godiya, ya hau jirgi.

Da Kawu ya ɗan farfaɗo, wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe masa waya. Hajiya ta yi masa albishir, ta ce, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, na sauke maka nauyi. Kowa ya karɓi kayansa."

Ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce sai ta ji ya ce, "Har na yarinyar?"

Da hantsi ya sa aka kira ni. Ina jin ƙarar iskar da aka sa masa a hanci, yana yanka magana gunduwa-gunduwa. Ya ce, "Alaramma. Na yarinyar. A sassauce suke. Ban ɗaure ba."

Na ce, "Kawu, ka ambaci Allah. Ubanta zai duba."

Ya ce, "Ba zai duba ba. Ni na hana su dubawa. Shekara nawa ina cewa boleh." Ya yi tari mai tsawo. Ya ce, "Can yanzu ƙanƙara ce. Ka nemo shi. Kada ka yi wa Hajiya faɗa."

Na yi masa alkawari. Ban taɓa jin tsoro a muryar Kawu ba sai ran nan. A kan kansa bai ce mini komai ba, bai tambayi inda za a binne shi ba, bai yi wasiyyar shago ba. Ban sake jin muryarsa ba.

Daga nesa na tsaya a maƙabarta, ni da ɗana, bayan igiyar da aka gitta. Mutane sanye da fararen riguna tun daga kai har ƙafa suka sauko da shi. An yi masa taimama a bisa abin da aka naɗe shi da shi, suka yi masa salla, suka sa shi a makwancinsa cikin ladabi. Na san malamai sun halatta haka a lokacin lalura, ni da kaina na faɗa wa wasu. Amma ni ban wanke shi ba, ban ga fuskarsa ba, ban zuba ƙasa ba. Abin da ya rage in yi masa guda ɗaya ne, shi ma ban san ta inda zan fara ba.

Lambar Baturen ta nan ta mutu tun ranar da ya tashi. Makarantar da ya koyar tana rufe, wanda ya ɗauki waya ya ce ba su da izinin ba da lambar kowa, kuma gaskiyarsa ne. Abu ɗaya ya sanyaya mana rai, an ce duk wanda ya sauka a ƙasarsu sai an killace shi a otal kafin a sake shi. Amma kwanakin suna tafiya. 'Yar Kawu ta kamu ita ma, tana kwance. Hajiya ta shiga takaba. Ɗana yana da jariri a gida. Adireshin gidan da Baturen ya zauna kawai muke da shi, inda direba ya kai kayan.

Ɗana ya ce, "Baba, ni zan je." Na ce, "Ni ya ɗora wa." Na yi alwala, na sa takunkumi biyu, ya kira mini motar haya ta waya. Tun da aka yi kulle ban fita ba sai zuwa maƙabarta. Na zauna a baya na manne da ƙofa, na buɗe gilashi, direban ya yi atishawa sau ɗaya na ƙara gyara takunkumina. A shingen 'yan sanda aka tambaye ni ina za ni. Na nuna takardar rasuwar Kawu, na haɗa 'yan kalmomin Malay ɗin da na sani. Jami'in ya dubi furfurata, ya ce in yi sauri in koma gida.

Da na isa, mai gadin benen ya ce Baturen ya tafi, shi kuwa ba shi da lambarsa. Na tsaya a rana ban san abin yi ba. Na kira 'yar Kawu, muryarta a dishe, na miƙa masa wayar daga nesa. Ban san me ta gaya masa ba, na dai ga ya cire hularsa. Ya ce akwai wata mata 'yar Indonesiya da ke yi musu aikin gida, yanzu tana aiki a hawa na sama. Ya kira ta ta sauko. Ta tsaya can, ni ma can, wayar tana kan teburin mai gadi a tsakaninmu. Da ta fahimci zancen yarinyar ne ta dafe ƙirji, domin ita ta raine ta. Ta ce tana da lambar uwar, nan take ta aika saƙo ta murya, ta kuma ba mu lambar.

Na dawo na yi wanka, na keɓe kaina a ɗaki, ina jiran abu biyu: zazzaɓi da amsa. Duk maƙaƙin da na ji a maƙogwaro sai in ce ga ta nan. Saƙon da mu ma muka aika wa lambar ya nuna ya tafi, ba a buɗe ba. Idan na rufe ido sai in ga yarinyar da ban taɓa gani ba sai a hoto, tana gangarowa, allo ɗaya ya rabu da ita yana tafiya shi kaɗai. Hajiya tana kira bayan kowace salla, tambayarta ɗaya.

Ranar Alhamis da la'asar 'yar Kawu ta haɗa mu a waya, ni da ita da Baturen, tana fassara mini. Ya ce an sake su daga killacewa, wayar matarsa ce ta lalace, sai yau suka ga saƙon. Ya ce ya buɗe jakar tun shekaranjiya, ya ga kaki da kauri, ya ce a ransa tsohon bai samu damar kankarewa ba, ya kankare da kansa. Sifirin kuwa bai ko tuna da shi ba, domin bai taɓa sa masa hannu ba tun da ya san Kawu. Ranar Asabar suka shirya hawa dutse. Da ya ji saƙon ya sa takalmin yarinyar a maƙalar ya tura da hannu ɗaya, takalmin ya fice ya faɗi ƙasa. Ya ce ya daɗe zaune a wurin kafin ya iya tashi. Ya riga ya kai allunan wurin masu gyara.

Sannan ya tambaya, "Yaya jikin tsohon? Ku ce masa yarinyar tana gaishe shi."

'Yar Kawu ba ta fassara mini wannan ba sai daga baya. Na dai ji ta yi magana a hankali, sannan na ji wani sauti daga can wanda ba ya bukatar tafinta.

Ni na kira Hajiya. Na ce, "Hajiya, an samu Baturen. Yarinyar lafiya lau, ba ta hau ba. An ɗaure."

Ta ce, "An ɗaure?"

Na ce, "An ɗaure."

Sai kukan da ta riƙe tun ranar rasuwa ya ɓalle. Na bar ta ta yi, ban ce ta yi haƙuri ba. Da ta lafa ta ce, "Malam, to shi wa zai gaya masa?"

An yi mini tambayoyi masu wuya a rayuwata, na gado da na saki da na jini, babu wadda ta kai wannan. Na ce mata, "Hajiya, Wanda ya koma gare Shi Ya riga mu sani. Mu roƙe Shi Ya sanar da shi." Ta ce to. Muka ɗaga hannu, ita a ɗakinta na takaba, ni a nawa, waya a tsakani.

Ya Allah, bawanKa ya zo maka yana tsoron haƙƙin wata 'yar ƙaramar baiwarKa fiye da tsoron abin da ke cin ƙirjinsa. Ka amintar da shi daga dukkan tsoro, Ka yalwata makwancinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka ba iyalinsa dangana, Ka ɗauke mana wannan annoba, Ka sa mu cika da imani. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Kawu a addu'a.